Idan na'ura ta iya rubutu, me malami zai auna?

Tun ƙarshen 2022, lokacin da ChatGPT ya bayyana, kyawun jimla ya daina zama shaidar cewa ɗalibi ya yi aiki. Shafi goma na Faransanci marar aibi kan samu cikin ƴan mintoci a wayar hannu, ko a Yamai ko a Tawa. Amma har yanzu ma'aunin da ake duba kundin bincike da shi ya fi karkata ga tsarin babi da santsin rubutu, wato daidai abin da na'ura ta fi ƙwarewa a kai.

Haramta waɗannan manhajoji ba zai yi tasiri ba, domin ba mai iya tsare kowace waya. Abin da ya kamata a sauya shi ne inda maki yake.

Sashen nazarin harsuna ya fi kowa sanin inda na'ura take da rauni. Daga rubutu take koyo, kuma mafi yawan Hausar da ke intanet ta bi daidaitacciyar Hausa mai tushe a karin Kano. Mutumin Adar da ke cewa “hwari” a madadin “fari”, ko “shina” a madadin “yana”, da wuya muryarsa ta kai gare ta. Ƙa'idar rubutun ma ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali: “gari” na zama da “gari” na tuwo kamanninsu ɗaya a takarda, kunne ne ke raba su. Ko ƴ da Nijar ke rubutawa, a Najeriya 'y ce.

Saboda haka ya dace kaso mafi tsoka na maki ya koma kan abin da ɗalibi ya ɗauko da kansa: muryar da ya naɗa a kasuwar Maradi ko a Birnin Damagaram, rubutunta da alamun sauti, da amsar da zai bayar a gaban alƙalai idan aka sake kunna ta. Wanda ya nemi taimakon na'ura ya faɗi inda ya yi hakan, kamar yadda ake ambaton ƙamus.

Wannan tsari yana da tsada. Sauraron ɗalibai ɗaya bayan ɗaya a aji mai cunkoso yana cin lokacin malamai, ga ɗaukewar lantarki. Sai dai tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, za a buƙaci masu fassara da marubuta littattafan makaranta da za su iya gane kuskuren na'ura, kuma daga waɗannan azuzuwa za a nemo su.