Harafi guda a cikin miliyar uku

Idan yaro ya kwana yana kuka da ciwon gaɓoɓi, hannuwa da ƙafafu sun kumbura, likita kuma ya ce amosanin jini ne, wato sikila, a gidaje da yawa na Maraɗi da Damagaram uwa ake fara harara. Dangin miji su ce daga gidansu ta kawo shi. Akwai auren da wannan magana ta kashe. Alhali masana sun daɗe da yanke hukunci: yaro ba ya samun wannan cuta sai uwa da uba kowa ya ba shi nasa kaso.

Dalilin yana cikin abin da Faransawa ke kira ADN, Ingilishi kuma DNA. Zare ne siriri ƙwarai da ke naɗe cikin ƙwayoyin halittar jiki. In aka warware na ƙwaya guda zai kai kusan mita 2. A 1953, a Kambirij ta Ingila, James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa, bisa taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin: tsani ne da aka murɗa kamar igiya. Kowace matakala haruffa biyu ce daga cikin huɗu, A, T, G da C. A ba ta kama hannun kowa sai T, G kuma sai C. Da waɗannan haruffa aka rubuta umarnin gina jiki, matakala wajen miliyar 3 daga uwa, wasu kamarsu daga uba, a cikin ƙunshi 23 daga kowane ɓangare.

Lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, tsanin yakan tsage a tsaye kamar yadda ake tsaga kara. Kowane ɓari sai ya zama abin kwaikwayo: inda akwai A a ɗora mata T, inda akwai G a ɗora mata C, har a tashi da tsani biyu iri ɗaya, kowane rabinsa tsoho, rabinsa sabo. Meselson da Stahl ne suka tabbatar da haka a 1958. Akwai ma sinadaran da ke bin sawu suna gyaran kuskure. Sai dai wannan amana ba ta tambayar ma'ana. Kuskuren da ya kuɓuce ma masu gyara ya zauna, shi ma kwafarsa za a yi ta yi, kaka ya miƙa ma jika.

Haka sikila ta samu. A ƙunshi na 11, a wurin da aka rubuta umarnin hemogilobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, GAG ta zama GTG. Harafi guda ke nan. Shi ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya, mai AS, galibi lafiyarsa lau, har yana da ɗan kariya daga mummunar masassarar cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Shi ya sa harafin ya yawaita a ƙasashen sauro, kuma shi ya sa uba ƙaƙƙarfa ke rantsuwa ba daga gare shi ba ne.

In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya bisa huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, ba kowane ɗa na huɗu ba. Ana iya jera uku masu cutar. Awon jini kafin a kai sadaki shi ke nuna matsayin kowa, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta musamman domin wannan cuta. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara ADN ɗin ƙwayoyin ɓargo. Kuɗin da aka yanka masa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum guda.