Rage wa Chamber ƙarfi adalci ne

Jama'a, duk lokacin da kamfanin wasan intanet ya rage wa wani gwarzon wasa ƙarfi, sai ihu ya tashi wai an yi zalunci. Ni kuwa na tsaya a kan cewa ƙyale shi da ƙarfin nan shi ne zaluncin. Ku dubi Chamber na wasan Valorant, gwarzon da Riot Games ya fitar a Nuwamban 2021. A lokacin, na'urori biyu yake dasawa a fili: ya leƙo, ya yi harbi, kafin a rama ya ɓace daga nan ya ɓulla can. Gangancin da zai halaka kowa, shi yakan yi shi ya tsira. Shi ya sa a gasar duniya ta Istanbul a 2022 galibin ƙungiyoyi suka riƙa ɗaukarsa, takwarorinsa irin su Cypher suka koma 'yan kallo. A Disamban shekarar aka bar masa na'ura ɗaya, masoyansa suka ce an kashe shi. Ɓacin ransu yana da dalili, domin wanda ya shafe watanni yana gogewa ba zai so a sauya masa doka dare ɗaya ba. Amma iya saiti da sanin lungunan taswira suna nan a hannunsa. Abin da aka karɓe kariya ce da abokin karawarsa bai samu ba. Ko a dambe, hannu ɗaya kowa ke naɗewa. Idan kamfani ya wuce gona da iri, mu matsa masa ya gyara, amma kada mu nemi a dawo mana da nasarar da ba gwanintarmu ce ta kawo ta ba.