A Raba Uwa Da Ɗanta Ba Ta Da Lauya: Wannan Wace Irin Shari'a Ce?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A Amurka, ƙasar da ke ta yekuwar kare haƙƙin ɗan Adam, tun shekarar 1963 Kotun Ƙoli ta yanke cewa talakan da ake tuhuma da babban laifi dole ne hukuma ta ba shi lauya kyauta. To amma talakan da hukuma ke neman ta raba shi da ɗansa har abada, shi tsarin mulkin ƙasar bai lamunce masa haka ba. Wato ɓarawo yana da mai tsaya masa, mahaifiya kuwa sai yadda alƙali ya ga dama!

Asalin wannan magana ita ce shari'ar Lassiter. A 1978 aka ɗauko wata mata daga kurkuku a jihar North Carolina, inda take zaman hukuncin kisan kai, aka tsayar da ita gaban alƙali domin a soke matsayinta na uwa. Laifinta babba ne, ba mai musu. Amma abin da ke gaban kotu ran nan makomar yaro ce: ya koma hannun kakarsa kamar yadda uwar ke roƙo, ko a yanke shi daga danginsa? Hukuma ta zo da lauyanta da ma'aikaciyarta da tulin takardu, ita kuwa ta zo ba ta da lauya, aka ce ta yi wa mai shaida tambayoyi da kanta, alhali ba ta san ta inda ake farawa ba. A 1981 alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce ba a tauye mata haƙƙi ba.

Gaskiya ne yawancin jihohi sun yi dokar ba iyaye lauya, amma kowace da irin tata, kuma lokaci ba ya jira. Dokar tarayya ta 1997 ta ce idan yaro ya yi wata 15 cikin 22 a hannun riƙo, a ƙa'ida sai hukuma ta nemi a soke haƙƙin iyayensa. Wanda bai san wannan lissafi ba, yana zaune yana jiran tausayi wa'adi zai cika. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Wani zai ce ai lauya zai kare azzaluman iyaye ne. Haƙiƙa akwai iyaye azzalumai, kuma ceto yaro daga hannunsu wajibi ne. Sai dai ta yaya alƙali zai bambance azzalumi da wanda talauci ya hana muhalli ko kuɗin magani, idan bakin ɓangare guda kawai ya ji? Binciken da aka wallafa a 2019 kan birnin New York ya nuna cewa iyayen da suka sami lauya tare da ma'aikacin walwalar jama'a a ɓangarensu, zaman 'ya'yansu a hannun riƙo ya ragu da kimanin kwana 118, kuma cutar da yara ba ta ƙaru ba. Ingila ma ta gane haka: idan ƙaramar hukuma ta shigar da ƙarar karɓe yaro, iyaye na samun lauya kyauta ba tare da an duba aljihunsu ba.

Saboda haka matashin da ke mafarkin tsallakawa Turai ko Amurka, ko yake da ɗan'uwa mai iyali a can, ya riƙe wannan darasi. Ranar da ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofa, kada uba ya yi faɗa, kada kuma ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. Ya nemi lauya da tafinta tun ranar farko, ya ba da sunayen dangin da za su iya riƙon yaron, kada kuma zaman kotu ko ɗaya ya wuce shi. Al'ummar da ke iya tara kuɗin biki, ba ta da hujjar barin ɗan'uwa ya tsaya gaban alƙali shi kaɗai.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya isar wa raunana.