Ƙwarin Ruwa da Koton Gashin Tsuntsu

Yawancin yaranmu na Malali, Unguwar Rimi da Kabala Doki sun san koto iri ɗaya ne kawai, watau tana. Amma kifin Kogin Kaduna ba tana kaɗai yake ci ba. Kawara da 'yan'uwanta sukan taso sama su cafke ƙwarin da suka faɗa ruwa. Ku lura da farkon damina, cikin watan Afrilu ko Mayu, sa'ad da shinge ya fito: sai ku ga fuskar ruwa tana ta motsi.

To, wanda ya san abincin kifi yana iya kwaikwayonsa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, wani marubucin Roma mai suna Aelian ya ba da labarin masuntan Makidoniya, masu naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a jikin ƙugiya. A Ingila kuwa, Frederic Halford ya buga littafi a kan wannan sana'a cikin 1886.

Amma kafin ɗauri, sai sani. Mu ɗaga dutse a bakin ruwa mu duba ƙarƙashinsa. Za mu ga wani ɗan ƙwaro mai wutsiya uku sirara. Shi ne yakan yi fiffike ya tashi, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai ɗan mazari, kakkaura, mai manyan idanu, wanda yake farautar ƙananan ƙwari. Akwai kuma wata tsutsa mai gina wa kanta ɗaki da ƙwayoyin yashi. Dukansu abincin kifi ne.

Ga yadda ake yi. A sami ƙaramar ƙugiya, a naɗa mata zare ko ulu mai launin ƙwaron, ya zama jiki. Sa'an nan a ɗaura gashin zabo ko na zakara kusa da idon ƙugiya, ya zama ƙafafu da fiffike. Girma shi ne na farko, launi ya biyo baya. In koto ya fi ƙwaron gaske girma, kifi ba zai kula shi ba.

Duwatsun nan kuma suna faɗa mana lafiyar kogi. Ƙwaro mai wutsiya uku ba ya jure ƙazamin ruwa. In muka ɗaga dutse goma ba mu ga ko ɗaya ba, lalle akwai abin dubawa. Mai zuba gamalin don ya kwashi kifi yini ɗaya, ya kashe ƙwari da 'ya'yan kifi duka, ya kuma kai wa iyalinsa guba cikin miya.

Saboda haka, iyaye, kada mu bar yara su je kogi su kaɗai, balle cikin Agusta da Satumba sa'ad da ya cika ya batse. Mu raka su da rani, mu ɗaga duwatsu tare, mu mai da kowane dutse inda muka same shi.

Sai wata mai zuwa.