Tambarin da Direba Yake Ɓoyewa

A shekarar 1998 ƙungiyar IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.1Q, wadda take raba waya guda zuwa hanyoyi har 4094. Kowane ƙunshin saƙo akan liƙa masa tambari mai bayit 4 da ke nuna hanyarsa. Domin rage wa kwamfuta wahala, katunan sadarwa da dama sukan cire tambarin nan, su miƙa shi daban ga direba, wato manhajar da ke sarrafa katin.

To, a nan gizo ke saƙa. Injiniya ya buɗe tcpdump yana bin sawun saƙon da ya ɓata, ya ga babu tambari, sai ya ɗora wa na'urar da ta aiko laifi, alhali kuwa a kwamfutarsa aka cire shi. A Linux, libpcap yakan mayar da tambarin gurbinsa, amma fa sai direba ya miƙa shi.

A ganina, sauri ba hujja ba ne. Wajibi ne direban da ya karɓi tambari ya isar da shi ga mai bincike. Inda ya gaza, sai a hana katin cirewa da umarnin ethtool, a kashe rxvlan.