Kasuwar 'yan wasa: Yadda Katsina United za ta amfana da matasan Funtuwa da Malumfashi

A duk lokacin da aka kammala kakar gasar Firimiyar Najeriya ta NPFL, hankalin magoya baya kan koma ga tambaya ɗaya: wa za a sallama, wa za a ɗauko? A majalisun masu shayi da gidajen kallon ƙwallo na Funtuwa da Malumfashi, muhawarar kan ɗauki zafi a kan Katsina United, ƙungiyar da gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyinta da kuɗin al'umma. Ƙungiyar ta san ɗacin kuskure a wannan fage, domin ta faɗa gasar NNL a 2022 tare da Kano Pillars, kafin dukansu biyu su dawo a 2023.

Tantance ɗan wasa kafin a zuba masa kuɗi aiki ne mai wuya, ko ga waɗanda suka fi kowa kayan aiki. Gasar NFL ta ƙwallon ƙafa samfurin Amurka ta isa misali. A can, ragamar wasa tana hannun mutum ɗaya da ake kira kwatabak, wanda shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanta tsarin abokan hamayya, ya yanke shawarar wanda zai jefa wa. Saboda haka ƙungiyoyi kan sadaukar da dukiya mai yawa wajen neman nagari.

A watan Maris na 2022, ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauko Deshaun Watson a kan kwantiragin shekara 5 na dala miliyan 230, wanda wajibi ne ta biya ko ya yi wasa ko bai yi ba, duk da cewa bai buga ko wasa ɗaya a kakar 2021 ba. Sakamakon dakatarwa da raunuka, wasa 19 kacal ya buga mata cikin kaka uku. Ƙungiyar ta sayi sunan da ya yi a baya, ta kau da kai daga halin da yake ciki a lokacin.

Labarin San Francisco 49ers ya fi wannan darasi. A 2021 ta sadaukar da manyan guraben zaɓenta na shekaru masu zuwa domin ta ɗauki Trey Lance, matashin da wasa 17 kawai aka fara da shi a jami'a. Shekara ɗaya bayan haka ta ɗauki Brock Purdy a gurbi na 262, wato na ƙarshe a zaɓen shekarar, alhali an fara wasa da shi fiye da sau 40 a jami'ar Iowa State. Lance ya fara wasa 4 kacal aka tura shi Dallas a 2023, shi kuwa Purdy ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2024. Wanda aka fi ganin aikinsa a fili shi ya fi amfani, duk da cewa shi aka raina.

Wannan ne ainihin raunin da ke tattare da ɗaukar 'yan wasa a gida Najeriya. Mafi yawan ƙungiyoyin jihohi kan dogara da hanyoyi biyu: sayo sanannun 'yan wasa a kan gajeren kwantiragi, ko kiran gwaji na 'yan kwanaki inda matasa masu ɗimbin yawa ke taruwa a fili ɗaya. A irin wannan gwaji, mai horarwa yakan ga yaro na mintoci kaɗan, kuma mai gudu da yanka shi ke ɗaukar ido. Ɗan wasan tsakiya mai rarraba ƙwallo, wanda matsayinsa ya fi kama da na kwatabak, sai an kalle shi a wasanni da yawa kafin a gane basirarsa.

Babban suna yana da nasa amfanin. Dawowar Ahmed Musa Kano Pillars a 2021, da sake dawowarsa a 2024, ta jawo 'yan kallo da hankalin kafofin yaɗa labarai zuwa ga gasar. Sai dai kofin kakar 2024/2025 ya tafi ne ga Remo Stars ta Ikenne, ƙungiyar da ta yi shekaru tana gina tsarinta tare da makarantar renon 'yan wasa ta Beyond Limits.

A nan ne kudancin Katsina ke shigowa. Hutun gasar yakan faɗo ne tsakanin Yuni da Agusta, daidai lokacin da matasan Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi ke cikin gonakin masara, dawa da auduga suna noma da zuba taki. Yaron da ke taimakon mahaifinsa a gona ba zai bar aikin damina ya yi tafiyar sa'o'i zuwa filin Muhammadu Dikko domin gwajin da ba shi da tabbas ba, balle ga matsalar tsaro a wasu hanyoyin yankin. Gasannin unguwanni kuwa sun fi armashi da rani bayan an kai amfani gida, lokacin da masu horar da ƙungiyar ke fama da wasannin lig. Funtuwa ta fi kusa da Zariya a kan birnin Katsina, don haka ba abin mamaki ba ne idan haziƙanta suka nufi wata jihar.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙungiyar ba. Ana iya ajiye masu sa ido na dindindin a Funtuwa da Malumfashi, su riƙa bin wasannin rani suna rubuta bayanan kowane yaro: wasa nawa ya buga, sau nawa ya ba da ƙwallo daidai, yaya yake idan ana cin ƙungiyarsa. Ana kuma iya ƙulla alaƙa da ƙananan ƙungiyoyi irin su Malumfashi FC, wadda ta taka leda a NNL, domin a riƙa gwada matasa a gasa ta gaske kafin a ba su kwantiragi mai tsawo.

Manomin yankin ba ya zaɓen iri a ranar shuka. Tun lokacin girbi yake ware zangarniyar da ya ga yadda ta jure fari da tsutsa. Idan mahukuntan Katsina United suka ari wannan ɗabi'a, kuɗin da ake kashewa duk shekara wajen sauya 'yan wasa zai ragu, matasan kudancin jihar kuma za su samu hanyar shiga ƙungiyar da ake riƙewa da dukiyarsu.