A kawo wa ma'aikatan haƙori bita inda majinyata suke

A watan Nuwamban 2025, ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Minamata kan zaiba suka taru a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, suka tsayar da shekarar 2034 a matsayin wa'adin daina amfani da amalgam, wato haɗin zaiba da azurfa da kuza da aka shafe fiye da shekara 150 ana cike kogon haƙori da shi. Kusan rabin nauyin wannan ciko zaiba ce. Najeriya ta shiga yarjejeniyar tun 2018, kuma tun a taron Bali na 2022 aka amince a kauce wa sanya amalgam a bakin yaran da ba su kai shekara 15 ba da mata masu ciki da masu shayarwa. Tarayyar Turai ma ta hana shi daga farkon 2025. Mutumin Zamfara ba ya buƙatar dogon bayani a kan illar gubar ƙarfe, domin gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara wajen 400. Sai dai wannan shawara ta Janiba tana ɗauke da wata tambaya da ba a cika yi ba: likitan da aka horar da hannunsa a kan amalgam, wa zai koya masa abin da zai maye gurbinsa, kuma a ina?

Tsarin ci gaba da karatu akwai shi a takarda. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, ba ta sabunta wa likita lasisinsa na shekara sai ya nuna ya tara makin halartar tarukan ƙara wa juna sani. Manufar tana da kyau, kuma babu mai hankalin da zai nemi a soke ta. Matsalar ita ce abin da ake aunawa. Maki yana shaida cewa mutum ya zauna a zaure ya saurari lacca, amma ba ya shaida cewa hannunsa ya koyi wani sabon abu, balle ya nuna ko abin da ya ji zai yi aiki a asibitin da yake. Manyan tarukan likitocin haƙori a manyan birane ake yin su, kuma galibi hankali ya fi karkata ga dashen haƙori da ƙarafan daidaita jeri da farar da haƙora da ɗaukar hoton baki da na'ura mai kwamfuta. Duk waɗannan ilimi ne na gaske. Amma likitan da zai koma Ƙauran Namoda ko Shinkafi, inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma man janareta ke cinye kuɗin asibiti, yana iya dawowa da takardar shaida alhali babu abin da ya sauya ga majinyacin da ya taso daga Gurbin Bore da kumburarren kunci.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, ilimin haƙori na zamani da kansa ya juyo wajen sauƙi, mu ne ba mu bi shi ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe sashen haƙori a jerin magungunan da ta ce wajibi ne kowace ƙasa ta tanada, ta sa abubuwa uku a ciki: man goge baki mai fuloraid, da simintin gilas ayonoma, da ruwan azurfa mai fuloraid da ake kira SDF. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar injin huda haƙori. Gilas ayonoma gari ne da ruwa da ake kwaɓawa, yana manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin fuloraid a hankali, wanda ke taimakawa wajen hana ruɓa dawowa. Da shi ake yin dabarar da ake kira ART, wadda likitan haƙori ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, ya ɓullo da ita a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, a wuraren da babu lantarki. Ana kankare ruɓaɓɓen ɓangaren da ƙananan kayan hannu, a cusa simintin, a danne shi da yatsa mai safar hannu da aka shafa wa basilin. Sau da yawa ko allurar kashe zafi ba a buƙata. SDF kuwa ɗigo ne da ake shafawa a kan kogon, ya tsayar da ruɓar. Japan ta daɗe tana amfani da shi tun wajen 1970, Amurka kuma ta amince da shi a 2014.

To, tunda suna da sauƙi haka, me ya sa sai an yi bita? Domin sauƙin kayan aiki bai ɗauke wa mai aiki hukunci ba. Gilas ayonoma yana daɗewa a ƙaramin kogo mai fuska ɗaya, amma a babban kogon da ya ci gefuna na turmin haƙori yana saurin karyewa. Idan aka kwaɓa shi da ruwa fiye da kima ya lalace, kuma a zafin bazara irin na Zurmi yana daskarewa da wuri, dole mai aiki ya san yadda zai yi sauri ba tare da ya yi gaggawa ba. SDF yana mayar da wurin da ya ruɓe baƙi, kuma baƙin ba ya fita. Uwar da ba a yi wa bayani ba tun farko, ta ga haƙorin gaban 'yarta ya yi baƙi, ba za ta sake dawowa ba, za ta kuma hana maƙwabtanta zuwa. Mafi haɗari duka shi ne a rufe haƙorin da ciwon ya riga ya kai jijiyarsa, domin a nan mugunya za ta taru a ƙasa, ta iya gangarowa ƙarƙashin muƙamuƙi har ta toshe numfashi. Haka ma farin cikon da ake kira kwamfozit, wanda ya fi kowane kama da haƙori: yana son a tsane wurin sarai daga yawu, a sa shi kaɗan-kaɗan, a busar da shi da fitila mai shuɗin haske. Wanda ya saba da amalgam, mai haƙuri da ɗan danshi, idan ya yi wa kwamfozit irin wannan riƙo, cikon zai faɗo bayan 'yan watanni. Irin wannan sani ba ya shiga ta kunne kawai. Kamar ɗinki ne, sai mai koyo ya riƙe allura a gaban wanda ya iya, an warware masa inda ya karkace.

Akwai kuma abin da ya fi ciko nauyi a wannan yanki, wato cutar Noma mai zaizaye baki da fuskar yara. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da gyambo a dasashi, da jini, da warin baki, cikin kwanaki kaɗan ta huda kunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Amma idan aka gane ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Asibitin Yara Masu Cutar Noma na Sakkwato yana aiki tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana tallafa masa tun 2014. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa aka shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamban 2023. A gefe guda, awon da MSF ta yi wa yara sama da dubu 97 a Shinkafi da Zurmi a watan Yunin 2024 ya nuna kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa. Duk inda tamowa ta kai haka, ƙofar Noma a buɗe take. Saboda haka darasi na farko da ya kamata kowace bitar haƙori a Zamfara ta ƙunsa shi ne ɗaga leɓen yaro a duba dasashinsa, kuma a koya wa duk wanda ke auna damtsen yara a cibiyar tamowa ya haɗa da wannan dubawa.

Na san abin da za a ce. Jihar da ke fama da 'yan bindiga, mutane sun bar gonakinsu, mata na mutuwa wajen haihuwa, ina ita ina zancen haƙori? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba na neman a ɗebe kuɗin ɗakin haihuwa a sayi kujerar haƙori. Amma rashin tsaron ne ma ya sa maganar ta zama dole. Lokacin da hanya ke lafiya, mai ciwon haƙori a Gurbin Bore yana iya shiga mota ya bi ta Zurmi zuwa Ƙaura ko Gusau, ko ya ɓulla ta Jibiya ya faɗa Katsina. Yanzu kowace tafiya sai an yi mata lissafi. Wanda ya kasa tafiya zai koma kemis ya yi ta shan maganin kashe zafi da kafso ba bisa ƙa'ida ba, ko ya miƙa bakinsa ga mai cire haƙori a kasuwa da kayan da ba a dafa ba, inda ciwon hanta ke iya tsallakawa daga wani zuwa wani. Idan majinyaci ba zai iya zuwa wurin ƙwarewa ba, ƙwarewar ce za ta matso kusa da shi, kuma dabarun da ake iya ɗauka a jaka ɗaya su ne suka dace da hakan.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: likitocin haƙori kaɗan ne, yawancinsu suna birane, kuma wanda aka ƙara wa ilimi shi ne ya fi saurin samun hanyar Saudiyya ko Ingila. Gaskiya ne ana tafiya. Sai dai hana likita ƙaruwa bai taɓa zaunar da shi ba. Cikin abubuwan da ke korar matashin likita daga karkara akwai jin cewa an jefar da shi, iliminsa yana tsufa, takwarorinsa na Kano da Abuja suna wuce shi. Ƙarancin likitocin kuma hujja ce ta faɗaɗa bitar ta haɗa da sauran ma'aikata. Akwai ma'aikatan jinyar haƙori da ke da hukumar rajistarsu a ƙasar nan, akwai ma'aikatan lafiya na al'umma da ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauye, irin waɗanda kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe ke yayewa. Su ne ke ganin yaro kafin kowa. Likita ɗaya da aka horar ya kuma iya horarwa, yana zagayawa yana duba aikinsu, ya fi amfani ga ƙananan hukumomi uku a kan ya zauna shi kaɗai yana cire haƙora daga safe zuwa azahar. Dole ne dai a shata iyaka a fili: abin da ma'aikacin ƙauye zai yi, da alamar da idan ya gani zai tura majinyaci gaba ba tare da jinkiri ba.

Wasu likitocin da kansu za su ce wannan magani ne na talakawa, da babu gara ba daɗi, kuma bai kamata a ce mutumin karkara shi ne za a yi wa cikon yatsa ba. Ina girmama kishin da ke cikin wannan magana, amma ta saɓa wa abin da ke faruwa. Likitocin haƙorin yara a Amurka da Turai suna amfani da SDF da gilas ayonoma a asibitocin da ba su san ɗaukewar wuta ba, saboda sun gano cewa barin lafiyayyen ɓangaren haƙori ya fi a rarake shi, kuma yaron da ba a tsorata shi da inji ba yana yarda ya dawo. Zaɓin da ke gaban mutumin Shinkafi a yau, a mafi yawan lokuta, tsakanin cire haƙori ne da haƙuri da ciwo. Duk dabarar da ta ceci haƙorin ta ɗaga darajar aikin da ake yi masa.

Masu cewa intanet ta wadatar kuwa, kada su manta da Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. Karatu ta waya yana da amfani wajen bitar ƙa'idoji da tuntuɓar ƙwararre a kan hoton bakin majinyaci, amma ba zai gyara wa kowa riƙon kayan aiki ba.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, kuma gyaran gini ba ya cika sai da hannun da zai yi aiki a ciki. Ma'aikatar lafiya za ta iya mayar da Babban Asibitin Ƙauran Namoda wurin bitar aikin hannu ga ma'aikatan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji, ta gayyato malamai daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Tsangayar Haƙori ta Jami'ar Bayero da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, tare da ma'aikatan asibitin Noma na Sakkwato. A yi aikin a kan majinyata na gaske a ƙarƙashin kulawa, a kuma dawo bayan wata shida a duba cikon da aka yi, nawa ya tsaya, nawa ya faɗi, me ya sa. Gwamnati ta ɗauki kuɗin, domin idan aka bar wa kamfanonin sayar da kayan haƙori ɗaukar nauyin koyarwa, abin da suke son sayarwa shi za a koyar. Kada wanda ya halarta ya fita sai da kayan hannu da siminti da SDF da tukunyar dafa kayan aiki mai amfani da gas ko gawayi, a kuma sa waɗannan kaya cikin jerin magungunan da jihar ke saye a kai a kai, domin hannun da ya koyi aiki ya zauna wata uku babu kaya zai manta. Ita kuma MDCN, tare da Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Najeriya, ta fifita makin bitar aikin hannu a kan na sauraren lacca, ta kuma ba malamin da ya bar Sakkwato ko Kano ya je Ƙaura koyarwa nasa makin, yadda zuwan zai zama wani ɓangare na sabunta lasisinsa.